Tambaya da Amsa: Ina aljihun ma'aikatan kumbon Star Trek?

TAMBAYA: Edita, ni tela ne, kuma ina yawan kallon shirin talabijin na Amurka mai suna Star Trek. Kayan da ma'aikatan kumbon suke sawa sun ɗame jiki, ga shi ba aljihu ko ɗaya. Anya mutum zai iya wuni yana aiki a cikin irin wannan sutura kuwa?
Mai karatu daga Zariya

AMSA: Malam, idonka na sana'a bai yaudare ka ba, domin kyamara aka ɗinka wa waɗannan kaya, ba mai sawa ba. Lokacin da aka fara Star Trek: The Next Generation a 1987, William Ware Theiss ya tsara yunifom ɗin da yadi mai roba, riga da wando a haɗe, kuma da gangan aka yanka shi ƙasa da awon ɗan wasa don kada ya yamutse a hoto. Yadin yana riƙe zufa da wari a ƙarƙashin fitilun ɗaukar shiri, yana kuma jan kafaɗa ƙasa, har mai duba lafiyar bayan Patrick Stewart, wanda ya fito a matsayin Kyaftin Picard, ya gargaɗe shi cewa kayan za su yi wa bayansa lahani.

A 1989 sabon mai tsara kayan shirin, Robert Blackman, ya sauya wa manyan 'yan wasa maza da riga daban, wando daban, na ulu. Baya ya huta, amma sai rigar ta riƙa tattarewa sama duk lokacin da mutum ya zauna, shi ya sa kake ganin Stewart yana kama bakinta da hannu biyu yana fizgowa ƙasa da zarar ya miƙe.

Batun aljihu kuwa, a ganina nan ne masu shirin suka fi kaucewa hankali. Injiniyan da ke rarrafe cikin lungunan kumbo yana gyara, ina zai ajiye sukudireba? 'Yan sama jannati na gaske da ke Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa riga mai sauƙi suke sawa, da wando mai aljihuna da maɗauri mai mannewa a cinya, saboda duk abin da aka saki a can shawagi yake yi. Sai a Star Trek: Enterprise na 2001 aka ɗinka shuɗin kaya mai aljihunan zik a ƙirji da hannu da ƙafa, kama da na matuƙan NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, kuma shi ne kaɗai zan yarda a ba makanike ya shiga aiki da shi.