Dogo, Rusau da Masu Kwana a Tasha: Amsoshin Tambayoyinku

Tambayoyin wannan fitowa sun taru ne a kan jirgin ƙasa, sabunta tsofaffin unguwanni da mutanen da ba su da wurin kwana. Mun haɗa su wuri guda saboda a kan fili ɗaya suke karo, wato filin da ke gefen dogo da kewayen tasha.

Tambaya: Assalamu alaikum. Me ya sa duk aikin layin dogo da gwamnati ta sanar sai kuɗinsa ya ninka, lokacinsa kuma ya wuce? Sata ce kawai, ko akwai wani dalili?

Amsa: Wa alaikumus salam. Sata tana faruwa, amma ko a ƙasashen da ake sa ido sosai kan dukiyar gwamnati abin bai canza zani ba. Farfesa Bent Flyvbjerg da abokan aikinsa sun bi diddigin manyan ayyukan sufuri 258 a ƙasashe daban-daban, suka gano cewa a matsakaici aikin dogo yakan zarce kuɗin da aka ƙiyasta da kusan kashi 45 cikin 100. A wani binciken nasu kuma sun ga fasinjojin da ake samu sukan tsaya wajen rabin waɗanda aka yi hasashe. Wato ana rage kuɗi a takarda, ana kumbura amfani, domin majalisa ta sa hannu. Da zarar an haƙa rami an zuba kankare, babu mai iya cewa a tsaya.

Ga wuraren da kuɗin ke zurarewa. Na farko ƙasa: idan ba a haƙa ramukan gwaji da yawa ba kafin a ba da kwangila, sai ana tsakiyar aiki a ci karo da laka, ko dutse, ko bututun ruwa da wayoyin lantarki da ba sa cikin taswira. Na biyu diyyar filaye, wadda takan tashi tun ranar da aka ji inda layin zai bi. Sai sauya zane bayan an sa hannu a kwangila, wanda nan ne ɗan kwangila ke cin kasuwarsa, domin duk abin da aka ƙara shi ke yanka masa farashi, ba mai takara da shi.

Na huɗun shi mutane suka fi rainawa, wato haɗa na'urori. Layin Crossrail na Landan, wanda yanzu ake kira layin Elizabeth, an shirya buɗe shi a Disamba 2018 a kan fam biliyan 14.8. Sai a Agusta 2018, saura wata huɗu, aka fito aka ce ba zai yiwu ba. An gama haƙa ramukan ƙarƙashin ƙasa da jirgin zai bi tun da jimawa, amma tasoshi ba su kammala ba, kuma jiragen sai sun iya aiki da tsarin sigina iri uku mabambanta. Ba a buɗe shi ba sai a Mayu 2022, kuɗin ya kai kusan fam biliyan 19.

Ka kuma kula da wasan alƙaluma. Layin jirgi mai saurin gudu na HS2 a Birtaniya an ce fam biliyan 32.7 a 2012, amma babu kuɗin jiragen kansu a ciki. A 2015 aka ce biliyan 55.7. A Oktoba 2023 Firaminista Rishi Sunak ya soke reshen da zai tashi daga Birmingham zuwa Manchester. Saboda haka duk lokacin da aka faɗa maka adadi, ka tambayi abu uku: da farashin wace shekara aka yi lissafin, me ke ciki me aka bari a waje, kuma tsawon layin da yawan tasoshin suna nan yadda aka faɗa da farko? Ana iya rage tasha uku a ce an gama aiki cikin kasafi.

Tambaya: Idan jirgin ƙasa ba ya kawo riba, me zai hana gwamnati ta sayar wa 'yan kasuwa ta huta?

Amsa: Jiragen fasinja kaɗan ne a duniya kuɗin tikiti ke biyan ginin layinsu da gyaransa. Amfanin dogo yana fita ne a waje: raguwar cunkoso, sauƙin kai kaya, tsadar filayen da ke kusa da tasha. Shi ya sa kamfanin MTR na Hong Kong, wanda gwamnati ke da mafi yawan hannun jarinsa, ake ba shi damar gina gidaje da kantuna a saman tasoshi, ya biya kuɗin filin a kan darajarsa kafin zuwan dogo, ƙarin darajar kuma ya koma cikin aikin jirgi. Sai dai a can kusan duk ƙasa ta gwamnati ce, jama'a kuma a cunkushe suke, don haka ba ko'ina tsarin zai zauna daidai ba.

Shi sayarwa ba laifi ba ne a kan kansa. Haɗarinsa yana wajen raba alhaki. Birtaniya ta raba hukumar jiragenta a shekarun 1990: dogo na kamfanin Railtrack, jirage na wasu kamfanoni, gyara kuma na 'yan kwangila. A Oktoba 2000 ƙarfen dogo ya karye a ƙarƙashin jirgi a Hatfield, mutum huɗu suka mutu. An san ƙarfen ya tsattsage, har an kai sabo wurin, ba a dai sa shi ba. Da aka tambayi kamfanin ina da ina ne ke da irin wannan tsagewa, ba shi da cikakkiyar rajistar halin da dogonsa ke ciki, dole aka rage gudun jirage a ɗaruruwan wurare. A 2001 kamfanin ya durƙushe, Network Rail ta gaje shi a 2002, daga baya ta dawo da aikin gyara hannunta. Ko gwamnati ce ke riƙe da layi ko ɗan kasuwa, a nemi ganin rajistar kadarori: yaushe aka duba ƙarfe da na'urar gano tsagewa, yaushe aka sabunta tsakuwar da ke ƙarƙashinsa, yaushe aka yashe kwalbatoci. Ruwan da ya kwanta a gindin dogo ya fi komai saurin kashe shi.

Tambaya: Mu masu zama ne a gefen layin dogo, ba mu da takardar fili. An ce za a faɗaɗa layin. Muna da wani haƙƙi kuwa, ko sai dai mu jira motar rusau?

Amsa: Dokar kowace ƙasa daban ce, amma akwai ma'auni biyu da za ku iya riƙewa. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2007 kan tayar da jama'a saboda ayyukan raya ƙasa sun ce a ba da sanarwa a rubuce, aƙalla kwana 90 kafin a tashi mutane, kuma kada tashin ya bar kowa ba wurin kwana. Idan kuma da kuɗin Bankin Duniya a aikin, ƙa'idarsa ta biyar kan muhalli da zamantakewa ta ce wanda ba shi da takarda ba za a biya shi kuɗin fili ba, amma za a biya shi gininsa a kan abin da zai ci a sake gina irinsa yau, ba tare da an cire tsufa ba, a kuma taimaka masa ya samu matsuguni. Don haka abu na farko, ku binciko wa ke ba da kuɗin aikin.

Abu na biyu, kuma mafi muhimmanci, shi ne ranar rufe rajista. Ana tsayar da rana a ƙidaya mutane da gine-gine, duk wanda sunansa bai shiga ba ya tashi a tutar babu. Waɗanda suka fi faɗuwa a nan su ne 'yan haya, da matan da aka rubuta gidajensu da sunan wani namiji, da masu sana'a a bakin layi waɗanda ba nan suke kwana ba. Kada ku jira jami'ai. Ku sa wa kowane ɗaki lamba da fenti, ku zana taswirar unguwar, ku rubuta sunan kowane mai gida da kowane ɗan haya da shekarar zuwansa, ku ɗauki hoton kowane iyali a ƙofar ɗakinsa da lambar a fili, sannan ku karanta jerin a bainar jama'a domin a gyara kuskure. Ku kai wa hukuma kwafi ta buga hatimi a naku.

Haka mazauna gefen dogo suka yi a Mumbai ta Indiya, inda bukkoki suka matse layi har aka tilasta wa jirage tafiyar kilomita 15 a awa a wasu wurare. Da taimakon SPARC, wata ƙungiya mai zaman kanta da ke aiki da talakawan birni, da ƙungiyoyin mazauna unguwannin, kimanin mutum 60,000 suka tashi a farkon shekarun 2000 ba tare da an sa musu ƙarfi ba, saboda rajistar da suka yi da kansu ita hukuma ta yi aiki da ita, kuma maƙwabta sun zaɓi su koma tare. Duk da haka tsugune ba ta ƙare ba, domin wasu sababbin gidajen sun yi nisa da wuraren neman abincin mutane. Ku sa nisan wurin da kuɗin mota cikin abin da za ku tattauna tun farko.

Tambaya: Ana ta cewa za a sabunta unguwa, a gina gidaje masu sauƙin kuɗi. Yaya za a gane ko talaka ne zai amfana?

Amsa: Da ragi, Malam. Ka ɗauki yawan gidajen masu ƙaramin ƙarfi da za a gina, ka cire waɗanda za a rushe. Rukunin gidajen Heygate a kudancin Landan yana da gidaje kimanin 1,200, yawancinsu na hayar ƙaramar hukuma. An rushe shi tsakanin 2011 da 2014, an gina fiye da ninki biyu a wurin, amma waɗanda ke kan irin tsohuwar hayar mai rahusa ba su kai 100 ba. A takarda gidaje sun ƙaru. Mutanen da ke wurin kuwa, da yawansu sun watse.

Kalmar "mai sauƙi" ma sai an tambayi ma'anarta. A Ingila tun 2011 gidan da hayarsa ta kai kashi 80 cikin 100 na farashin kasuwa yana iya shiga wannan suna. Sannan akwai takardar da mai gini ke kawowa bayan an ba shi izini, yana cewa lissafi ya nuna ba zai ci riba ba sai an rage masa adadin gidajen talakawa. Inda ake ɓoye wannan takarda da sunan sirrin kasuwanci, a nan alkawari ke narkewa. A nemi a wallafa ta, a sa sharaɗin sake lissafi idan gidajen suka sayu da tsada, a kuma rubuta wa kowane tsohon mazauni haƙƙin dawowa da adadin ɗakuna da kuɗin haya. A ra'ayinmu, duk shirin da ya fara rusau kafin ya gina inda mutane za su koma, a yi masa kallon tuhuma.

Tambaya: Gwamnati ta ce masu kwana a titi sun ragu. Ni kuma kullum ina ganinsu a tasha. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Kuna iya zama da gaskiya ku duka, saboda yadda ake ƙidayar. Amurka tana ƙidayar dare ɗaya a ƙarshen Janairu, Ingila kuma dare ɗaya tsakanin Oktoba da Nuwamba. Ƙidayar Ingila ta ba da 1,768 a 2010 da 4,751 a 2017, amma wanda aka gani kwance ko yana shirin kwanciya kawai take kamawa. Ba ta ganin mai kwana a motar dare, ko matar da ke ɓuya don tsoron cin zarafi, ko mai raɓe a ɗakin aboki. A 2023 iyalai fiye da 100,000 ne ke zaune a masaukin wucin gadi a Ingila, ba ɗaya daga cikinsu a waccan ƙidayar. Idan kuma an kori mutane daga tasha ana gobe ƙidaya, ko an sa wa benci ƙarafan da ke hana kwanciya, adadi zai sauka alhali ba wanda ya samu ɗaki.

Abin da aka gwada ya yi aiki shi ne a fara ba mutum gida, tsarin da ake kira "Housing First", wato gida tukuna. Tsohon tsari yana cewa sai ka daina shaye-shaye, ka sha magani, ka bi matakai, sannan ka cancanci ɗaki, kuma mafi yawan masu tsananin buƙata a matakin farko suke faɗuwa. Wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Sam Tsemberis ya juya tsarin a New York a 1992, Finlan kuma ta mai da shi manufar ƙasa a 2008. Mutum yana samun yarjejeniyar haya da sunansa, yana biya daga tallafin da yake karɓa, ma'aikacin jin daɗin jama'a yana ziyartarsa, kuma ƙin karɓar magani ba ya sa a kore shi. Wani masaukin kwana mai gado 250 a Helsinki, babban birnin Finlan, an mai da shi gidaje kimanin 80 a 2012. Marasa matsuguni a ƙasar sun sauko daga wajen 18,000 a 1987 zuwa ƙasa da 4,000 a 2022. Inda tsarin ke lalacewa shi ne a ɗauki sunansa a bar kayan aikinsa: babu isassun gidaje, ko a ɗora wa ma'aikaci ɗaya mutum talatin, ko kuɗin tallafin ya ƙare bayan shekara biyu. Ma'aunin da ya fi ƙidayar dare ɗaya shi ne, cikin waɗanda aka ba gida, nawa ne ke ciki har yanzu bayan wata 12 da wata 24.

Tambaya: Ni ɗaliba ce. Ta ina zan fara idan ina son bin diddigin irin wannan aiki?

Amsa: Fara da adana alkawarin farko, Malama: takardar dalilan aikin da aka kai majalisa, da kuɗi, da ranar gamawa, da hasashen fasinjoji ko yawan gidaje. Ki ajiye kwafi, domin irin waɗannan takardu sukan ɓace daga shafukan hukumomi idan lissafi ya sauya. Sai rahoton babban mai binciken kuɗin gwamnati da zaman kwamitin majalisa mai kula da asusun jama'a, inda ake titsiye manyan sakatarori.

Abin da babu a nan, ki nema ta dokar 'yancin samun bayanai idan ƙasar tana da ita. Wa'adin amsa kwanakin aiki 20 ne a Birtaniya, kwana 30 a Indiya, kwana 7 a Najeriya. Kada ki tambayi dalili, domin za a ba ki jawabi. Ki nemi takarda da sunanta da lokacinta, misali jerin duk sauye-sauyen da aka yi wa kwangila kaza daga wata kaza zuwa wata kaza, da kuɗin kowanne da muƙamin wanda ya sa hannu. Buƙata ɗaya a wasiƙa ɗaya, ki rubuta ranar da aka karɓa, idan wa'adi ya cika ba amsa ki ɗaukaka ƙara washegari.