Alamar Naira, Waƙafi da Sauran Tambayoyinku

Wani ɗan kasuwa daga Gusau ya ce: Malam, alamar # ce alamar naira?

A'a, Alhaji. Alamar naira ita ce ₦, wato harafin N da layi biyu a kwance a tsakiyarsa, tun da naira ta gaji fam ranar 1 ga Janairu, 1973. Waccan da ake liƙa wa farashin buhun masara, aikinta daban ne, da ita ake haɗa maudu'i a Facebook. Mutane sun rungume ta ne don yawancin allunan rubutu na kwamfuta an ƙera su da $ ta dalar Amurka ko £ ta fam ɗin Ingila, ba su san da zamanmu ba. To amma wannan ba hujja ba ce. A Word, ka buga 20A6 ka danna Alt da X, sai ga ta. A waya kuwa, ka sa allon Gboard na Najeriya. In duk ya gagara, rubuta N kawai, ko ka rubuta "naira" a cike. Abin yana damuna ƙwarai, domin sakaci iri ɗaya ne da na masu barin ɓ, ɗ da ƙ babu lanƙwasa, har mutum ya ce ya yi "baki" alhali baƙi suka sauka gidansa. Waɗannan haruffa suna cikin allon Hausa na waya, saka shi bai kai minti biyu ba.

Wata malamar firamare daga Maraɗi ta tambayi sunan alamar (;).

Waƙafi mai ruwa, Malama. Waƙafi zalla kuwa (,) ne, aya (.), kuma duka biyun daga makarantar allo muka samo sunayensu.

Wani ɗalibi daga Damagaram ya ce me ya sa jaka a Kano ba ta yi daidai da tasu ba?

Domin kowa da kuɗin da ya gada. A Najeriya jaka fam 100 ce, da aka koma naira ta zama ₦200, tunda fam ɗaya naira biyu aka canza shi. A Nijar jika sefa 1,000 ce, dala kuma sefa 5, shi ya sa in an ce maka dala ashirin, sefa 100 ake nufi. Sefa ba ta da wata alama ta musamman a allo, F ko FCFA ake rubutawa bayan adadi. Naira kuwa alamarta gaba take zuwa, kada a juya.

Wani ya tambayi "ba ni da ko anini".

Anini kashi ɗaya ne cikin goma na kwabo, mai huda a tsakiya. Ai babu kuɗin da ya kai shi ƙanƙanta a zamanin Turawa.