Za mu zagaya manyan tafkunan Amurka da yara, maigida ya ce ruwan tafki ba ya cin mutum

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna zaune a Indiyana, ni da maigidana da yara uku, babban shekararsa 12. A hutun bazarar nan ya shirya mana tafiya a mota: mu sauka wajen abokinsa a Shikago, mu bi gaɓar Tafkin Mishigan har gadar Mackinac, mu gangaro wajen 'yan'uwa a Dearborn, in hali ya yi mu leƙa magangarar ruwan Nayagara. Yara sun ɗora rai a kan wanka. Shi cewa yake yi ai tafki ne ba teku ba, kuma tun yana yaro yake iyo a kogin garinsu. Ni dai gabana faɗuwa yake yi. Tsoron banza nake ji?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ba tsoron banza ba ne, kuma ban ce ku fasa tafiya ba. Hanyar da kuka zaɓa mai kyau ce. Ku tsaya a tuddan rairayi na Sleeping Bear, ku haye gadar Mackinac mai tsawon kusan kilomita 8 da aka buɗe a 1957, ku shiga jirgin ruwa zuwa tsibirin Mackinac inda aka hana mota tun 1898, sai keke da keken doki. A Dearborn kuwa abincin halal da masallatai ba za su yi muku wuya ba. Abu ɗaya game da tuƙi: daga Ditroit, birnin da Dearborn ke gefensa, zuwa Nayagara hanya mafi kusa ta cikin Kanada take bi, kuma ita taswirar waya za ta zaɓa muku. In akwai wanda takardunsa ba su ba shi damar shiga Kanada da dawowa ba, ku bi ta Toledo da Cleveland da Buffalo, kuma ku kula kada ku faɗa layin gadar Ambassador mai tsallakawa daga Ditroit zuwa Kanada, domin ma'aikatan kan iyaka ba ruwansu da "kuskure muka yi".

To sai maganar maigida. Wannan "ai tafki ne" ita ce maganar da na fi ji a aikina na koyar da iyo da ceto, kuma wallahi ta ishe ni. Tsawon Tafkin Mishigan ya kusa kilomita 500, ya fi tazarar Kano zuwa Abuja, zurfinsa ya kai mita 281. A Tafkin Superior ne jirgin dakon kaya Edmund Fitzgerald, mai tsawon mita 222, ya nutse da mutum 29 a Nuwamban 1975. Masu bin diddigin lamarin sun ƙirga sama da mutum 1,000 da ruwa ya ci a manyan tafkunan yankin guda biyar tun 2010, kusan rabinsu a Tafkin Mishigan kaɗai. Kuma gaɓar da za ku bi, ta kudu da ta gabas, wajen South Haven da Holland da Grand Haven, nan iskar yamma da ta arewa ke kora igiyar ruwa.

Ga yadda abin yake faruwa. Igiya tana turo ruwa bakin gaɓa, ya taru bayan tudun rairayin da ke ƙarƙashi, sai ya fasa tudun ta wata kafa ya koma ciki da ƙarfi. Gudun wannan jan ruwan yana iya zarce mita 2 a daƙiƙa, wanda ko gwanin gasar iyo ba ya iya ja da shi. Abin takaici, wurin da yake ja sau da yawa shi ne wurin da ya fi kwanciya a ido, wani ɗan fili mai duhu tsakanin igiyoyi, sai uwa ta ce wa ɗanta "koma can, ya fi lafiya". Ba ya jan mutum ƙasa, waje yake kai shi. Abin da ke kashewa shi ne mutum ya dage sai ya komo gaɓa kai tsaye, ya yi ta fama har ƙarfinsa ya ƙare. Ƙari a kan haka, igiyoyin tafki a jere suke zuwa, daƙiƙa uku ko huɗu tsakani, kafin ka gama shaƙar iska wata ta rufe ka, kuma ruwan da ba gishiri ba ya ɗaga jiki kamar na teku. Iyon kogi bai koya wa kowa wannan ba. Mazan da suka yarda da kansu su ne suka fi shiga, su ne kuma suke faɗawa ceton yaro hannu rabbana, a wayi gari an rasa biyu.

Katangun simintin nan da aka miƙa cikin ruwa zuwa hasumiyar fitila, inda kowa ke son ɗaukar hoto, ruwa kan bi gefensu ya fita da gudu. Kada kowa ya yi wanka kusa da su, kada a yi tsalle daga kansu, kuma in igiya tana hawa kai kada ma a taka.

Akwai kuma sanyi. Rana na iya ƙona ki a kan rairayi, amma in iska ta kore ruwan sama, na ƙasa mai sanyi ya taso, cikin kwana ɗaya sai ruwan ya zama wani abu dabam. Wanda ya faɗa ruwa mai sanyi ƙasa da digiri 15 a ma'aunin Celsius zai ja numfashi ba da sonsa ba, in kansa yana ciki ruwa zai shaƙa. Superior kuwa ko a Yuli a tsoma ƙafa kawai.

Abin da za ki yi: kowace safiya ki duba sanarwar hukumar yanayi game da bakin ruwa. Tuta kore a shiga da kula, rawaya yara su tsaya iya gwiwa, ja kada kowa ya shiga. Igiya in ta kai mita ɗaya, ranar ta yawo ce ba ta wanka ba. Kada ki ɗauka akwai masu gadi: a Shikago akwai su a lokutan aikinsu, amma wuraren shaƙatawa na jihar Mishigan babu, sai allo da tuta, abin da har yau na kasa gane dalilinsa. Kowane yaro ya sa rigar ceto ta gaske mai hatimin hukumar tsaron gaɓar teku, ba balan-balan ɗin hannu ba, ba kuma katifar roba da iska ke kwashewa ba. Doguwar riga da zani in sun jiƙa nauyi suke yi, su naɗe ƙafa. Akwai kayan wanka masu suturta jiki, a saya. Ki koya musu tun a gida: in ruwa ya ja ka, juya rigingine, ka bar jiki ya yi sama, ka bi ruwan har ya sake ka, sannan ka yi iyo ta gefe, kana ɗaga hannu. Wanda ke gaɓa ya jefa abin da ba ya nutsewa, ya kira 911.

Mai nutsewa ba ya ihu. Za ki ga kai a karkace baya, baki daidai ruwa, hannuwa suna danna ruwa, cikin ƙasa da minti ɗaya ya ɓace. Saboda haka in kun haɗu da abokai ana gasa nama ana hira, a ware babba ɗaya da ba shi da aiki sai kallon yara, ba waya a hannunsa, a riƙa karɓa-karɓa. In an fito da mutum ba ya numfashi, a bar shirmen da ake yawo da shi a WhatsApp na danna ciki ko juya shi kai ƙasa don ruwa ya fita. A hura masa iska, a danna ƙirji, har masu agaji su iso.

Na san za a ce miki in kwana bai ƙare ba ba abin da zai faru. Rai a hannun Allah yake, babu ja. Amma yaran nan amana ce, kuma uban da ya wuce jar tuta da ɗansa a hannu don kada abokai su ce ya ji tsoro, shi za a tambaya. Ki ba maigida wannan amsar ya karanta da kansa, ku sayi rigunan ceto biyar kafin ku tashi, har da tasa. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.