Zauren Girki: Wane ne makaroni da cukun Amurka na asali?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. A jihar Ohayo muke zaune, maigidana karatu yake yi, kuɗin cefane a ƙirge yake. Yarana sun saba da makaroni da cuku a makaranta, kullum shi suke nema. Na sayo na kwali, mai garin cuku launin ruwan lemo a ciki, na dafa suka cinye tas. Da maƙwabciyata ta gani, wata dattijuwa baƙar fata 'yar asalin jihar Jojiya, sai ta riƙe baki, wai wannan ba abinci ba ne, na gaske sai an fasa ƙwai an gasa a oben. Wata kuma da muke haɗuwa wajen ɗauko yara ta ce tun da take ba ta taɓa ganin ƙwai a ciki ba. Haka mitlof, wato niƙaƙƙen naman nan da ake dunƙulawa a gasa, da naman sa zalla nake yi, babu alade, ina ƙara burodi don ya yi auki. Anti, abincin Amurka nake dafawa ko kwaikwayo?

Wata uwa daga Ohayo

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Su biyun babu wadda ta yi miki ƙarya, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ke ma kuma abincin Amurka kike dafawa.

In asalin asali ake nema, sai a bar Amurka baki ɗaya. Makaroni ɗan Italiya ne, kuma littafin girkin da Elizabeth Raffald ta fitar a Ingila a 1769 ya riga ya haɗa shi da cuku, tun Amurka ba ta sami 'yancin kai ba. Thomas Jefferson, shugaban ƙasar na uku, ya sa an kawo shi teburin liyafa a 1802, shi ya sa ake yawan ambaton sunansa. Sai dai ba shi ke tsayawa gaban murhu ba. James Hemings, bawansa da ya tafi da shi Faransa ya koyi girki, da sauran bayin da ke kicin ɗin gidajen masu hali a kudanci, su suka riƙe wannan girki a hannunsu. Zuriyarsu ta ci gaba da shi, har ya zama abin alfahari a gidajen baƙaƙen fata: ranar Lahadi, da ranar bikin godiya da suke yi a Alhamis ta huɗu ta Nuwamba. A gidaje da yawa ba kowa ake bari ya yi shi ba, akwai goggon da aka yarda da hannunta. Don haka ki yi wa dattijuwar nan uzuri, gadonta take karewa. Amma girkin da Mary Randolph ta rubuta a littafinta na 1824 makaroni ne da cuku da bota, a jera hawa-hawa a gasa. Babu ƙwai.

Na kwalin kuma kamfanin Kraft ya fito da shi a 1937, lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe, mutane na bin layin karɓar abinci. A lokacin santi 19 na dala ake sayar da kwali, ya ciyar da mutum huɗu. Da yaƙin duniya na biyu ya zo aka taƙaita nama da kayan madara, sai ya ƙara shiga gidaje. Miliyoyin Amurkawa da shi suka tashi, shi suke tunawa in sun yi kewar gida. Ta yaya za a ce ba na Amurka ba ne?

Ni dai ba na son sa, gishirinsa ya yi min yawa, kuma na hannu bai fi shi wahala sosai ba. Ki dafa makaroni fam ɗaya, ki tsame shi da ɗan sauran ƙarfinsa. A wata tukunyar ki narka bota cokali 4, ki zuba fulawa cokali 4, ki yi ta juyawa kamar minti biyu har warin ɗanyen gari ya fita. Ki riƙa tsiyaya madara kofi 3 kaɗan-kaɗan. In ta yi kaurin da za ki ja yatsa a bayan ludayi layin ya tsaya, ki sauke tukunyar tukuna, sannan ki zuba cukun ceda da kika goga, kamar kofi 3. A nan mata da yawa suke ɓata girkin: cuku in ya tafasa sai ya tsinke, mai ya taso sama, ƙasa ya yi tsaki-tsaki. Ki sayi dunƙulallen cuku ki goga da kanki, don wanda aka goga a leda an barbaɗa masa sitaci don kada ya manne, ba ya narkewa sumul. Yanka ɗaya ko biyu na cukun nan mai laushi da suke sa wa a burodi yana hana haɗin tsinkewa. In kina son irin na dattijuwar, ki kaɗa ƙwai 2 a madarar gwangwani, ki haɗa da makaronin da cukun, ki gasa a 350 na ma'aunin obensu kamar minti 35, har gefen ya yi ja ya ƙame. Ki kai mata ta ɗanɗana. Za ta sami abin gyara, ki karɓa.

Batun mitlof kuwa, burodin da kike ƙarawa kina jin kamar kin yi ha'inci, ai shi ne girkin. A shekarun 1930 matan Amurka suka rungume shi saboda nama kaɗan ya ishi gida in an cuɗa shi da burodin da ya kwana. Gaskiya ne kantuna na sayar da haɗin naman sa da alade da ɗan maraƙi don shi, amma gidaje ba adadi da naman sa kaɗai suke yi. Aikin aladen a ciki kitse ne, don haka ki ɗauki naman da aka rubuta 80/20 a jikinsa, wato kashi 80 tsoka kashi 20 kitse, ya fi araha kuma ba ya bushewa. Ki jiƙa burodin a madara, ki sa ƙwai da albasa da masoro, kada ki murza shi da yawa, ki shafa kecaf a sama. Cikinsa ya kai 160 a ma'auninsu, ki bar shi ya huta minti goma kafin yanka. Inda za ki sa ido shi ne kayan kwali da gwangwani: wani garin burodin masara da wasu waken gwangwani akwai kitsen alade a ciki, ki karanta bayan kafin ki jefa a kwando.

TAMBAYA: Anti, ɗalibi ne ni a Teksas. Na dafa cili, wato dahuwar naman nan mai barkono, na zuba wake don ya kai ni kwana uku, abokan ɗakina suka yi ta dariya. Laifi ne?

Wani ɗalibi daga Hustan

AMSA: Ɗana, a Teksas laifi ne. Tun 1977 majalisar jihar ta ayyana cili a matsayin abincinta, kuma nasu nama ne da busasshen barkono, ba sa son ganin wake. Amma a birnin Sinsinati na jihar Ohayo, inda wasu 'yan'uwa baƙi daga Makedoniya suka fara sayar da nasu a 1922, kirfa suke sawa, su zuba shi a kan taliya, su tula cuku, mai so a ƙara masa wake. A yawancin sauran jihohi da wake ake yi. Ka ci gaba da abinka. In dariyar ta dame ka, dafa waken daban, kowa ya zuba da hannunsa, ka lura da wanda zai fara miƙa ludayi ranar da kuɗin wata ya ƙare.