Littafin Waƙoƙin Kaka: Ta Ina Za a Fara?

Tambaya: Na gaji littafin waƙoƙi na rubutun hannu daga kakanmu. Takardun sun yi ja, wasu sun yage, kuma gwaggonmu ce kaɗai ta san yadda ake rera su. Me zan yi? Daga wata mai karatu.

Amsa: 'Yar'uwa, fara da Gwaggo tukuna. Takarda baitoci kawai take riƙewa, karin waƙa kuwa a bakin mai rai yake. Ki zaunar da ita a ɗaki mai labule, ki kashe fanka, ki ajiye waya kamar santimita 30 daga bakinta don naɗar muryarta. In ta yi kusa murya za ta fashe, in ta yi nisa amon ɗaki ne zai cika naɗin. Gwaggo ta faɗi sunan waƙar, ta rera har ƙarshe ba a katse ta ba, sannan ta karanta baitocin a hankali kina duba rubutun. A nan ne kalmomin da tawada ta dushe suke fitowa.

Littafin kuwa, don Allah kada salatif ya taɓa shi: danƙonsa yana ratsa takarda ya bar tabo. Kada ki ajiye shi a leda, tana tara laima, fumfuna ta kama. Cire duk ƙarfe mai tsatsa, ki ɗauki hoton kowane shafi da hasken rana a inuwa, ki kwantar da littafin cikin kwali nesa da bango saboda gara.

Yara kuma a fara koya musu amshi, Gwaggo tana jan baiti.