Amsa: zangon karatu ɗaya a Iskandariyya, me zan shirya?

Malama, kin tambaya ko Larabcin makaranta zai ishe ki, da kuma kayan da za ki ɗauka. A aji zai ishe ki, amma a titi Larabcin Masar ake yi. Harafin jim ma "ga" suke furta shi, jami'a ta koma "gam'a". Ranar farko na yi wa direban mashru', ƙaramar bas ɗinsu ke nan, fusha tsantsa, wato Larabcin makaranta, sai ya kalle ni kamar mai karanta labarai a rediyo. Sai da na yi wajen wata guda kunnena ya buɗe.

Kada sunan Masar ya ruɗe ki, ki zo da rigar sanyi mai kauri da lema. Daga Disamba zuwa Fabrairu ruwa ake yi da iskar teku mai ratsa ƙashi, gidajen haya kuma babu abin ɗumama ɗaki.

Wurin karatu kuwa, babban ɗakin karatun da aka buɗe a 2002 yana daf da jami'ar, a bakin teku. Da la'asar ki leƙa ganuwar Ƙaitbai, wadda aka gina a gurbin tsohuwar hasumiyar fitilar jiragen ruwa.

Kafin ki tashi, ki karɓi takarda daga sashenku cewa za su ƙirga miki darussan da kika yi a can.