Yaya zan nemi baikon ekklesiya a hannun waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu?

Tambaya: Baba Fasto, ni ne ma'ajin wata ƙaramar ekklesiya a Gadarif, a gabashin Sudan. Yawancinmu daga Khartum muka gudo bayan da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. Wasunmu 'yan arewacin Nijeriya ne da aiki ya kawo tuntuni, wasu kuma 'yan duwatsun Nuba ne na nan Sudan. Wata huɗu ke nan ba mu ba fastonmu ko sisi ba, ga kuɗin hayar ɗakin sujada. Wani dattijo ya ce a riƙa karanta Malakai sura 3, mai maganar la'ana a kan masu hana zakka, kowace Lahadi har tsoro ya sa mutane su fitar da zakka. Ni kuwa nauyi nake ji in miƙa kwanon baiko gaban wanda na san bai karya ba. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, sannunku da wannan jarrabawa, Ubangiji ya ƙarfafa ku. Nauyin da kake ji alheri ne, kada ka yar da shi. Sai dai kada ya rufe maka baki, domin shirun ma yana da wanda yake cuta: faston nan da iyalinsa.

Dattijonku yana da gaskiya a abu ɗaya. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye ba cewa mai aikin bishara ya cancanci ya ci daga aikinsa. Duba 1 Korantiyawa 9:14 da 1 Timoti 5:18. Inda ban bi shi ba shi ne mai da Malakai bulala. Ka buɗe masa Maimaitawar Shari'a 14:28-29. A can an ce zakkar shekara ta uku a tara ta a gari domin Balawe, da baƙo, da maraya, da gwauruwa su ci su ƙoshi. To, dubi masu zama a kan tabarmarku ranar Lahadi. Nawa ne cikinsu ba baƙi ba ne? Mutumin da ya bar gidansa a Omdurman da jaka ɗaya yana cikin waɗanda aka ce a ciyar. Wanda Allah ya ba shi albashi, ko ɗan shago a kasuwa, ko ɗan'uwa a waje da ke turo masa, kashi ɗaya cikin goma ma'auni ne mai kyau a gare shi, kuma a gaya masa hakan ba kwana-kwana. Amma a ɗora wa mai gudun hijira la'ana don bai kawo ba, wannan ban yarda da shi ba. Haka ma alkawarin cewa wanda ya ba da ɗaya zai girbi ɗari kafin wata ya ƙare. Mai yunwa zai gaskata, in bai gani ba kuma bangaskiyarsa ce za ta karye.

Wurin da nake so ku zauna a kai shi ne 2 Korantiyawa sura 8 da 9. Bulus yana tara gudummawa domin 'yan'uwa na Urushalima, kuma waɗanda ya yaba su ne ekklesiyoyin Makidoniya, masu fama da tsananin talauci, waɗanda su da kansu suka roƙa a bar su su sa hannu. A aya ta 12 ya ce ana karɓar bayarwa gwargwadon abin da mutum yake da shi. Kada ka yanke wa talaka hukunci cewa ba shi da abin bayarwa, domin hana shi ma raini ne.

Ina tuna wata ekklesiyar ƙauye da na fara aiki a cikinta. Kuɗi ba ya shiga hannun mutane sai da kaka. 'Yan zumuntar mata suka ajiye ƙwarya kusa da murhu, duk wadda za ta ɗora tukunya sai ta ɗebi tafi ɗaya na tsaba ta zuba a ciki. Ranar Lahadi su juye a buhu a bayan ƙofar majami'a. Wata tsohuwa takan zo da ƙwai biyu ƙulle a gefen zaninta, ta kwance a hankali ta ajiye kusa da buhun. Da wannan na ciyar da 'ya'yana shekara biyu, ban kuma taɓa kwana da yunwa ba.

Ku kuwa a Gadarif kuke, ƙasar dawa da riɗi. Abin da mutanen Sudan ke kira nafir, mu gayya muke ce masa. Wanda ya yi ƙodago a gona ya kawo mudu. Wadda ta iya toya kisra, wainar dawa ta Sudan, ta kai wa gidan fasto rana ɗaya a mako. Saurayi ya ɗebo ruwa. Mai iya gini ya gyara rufin. Akwai ma dabara a ciki. Kafin yaƙi dala ɗaya tana wajen fam 600 na Sudan, cikin 2024 ta haura 2,000. Kuɗin da ka kulle a akwati narkewa yake yi, saboda haka ku yanka wa fasto haƙƙinsa da mudun dawa, da mai, da gawayi, abin da ya shigo na kuɗi kuma a saye abinci da shi nan da nan bayan an ware na haya. In shi faston yana da sana'a, ya taɓa. Bulus ma ya ɗinka tanti a Koranti tare da Akila da Biriskila. Wannan bai sauke muku nauyinsa ba, ya dai rage.

Yanzu naka aikin, ma'aji. Mutane sukan janye hannu idan ba su ga inda abin yake tafiya ba. Bulus da kansa bai yarda ya ɗauki kuɗin nan shi kaɗai ba, ya tafi da wanda ekklesiyoyi suka zaɓa don kada a sami abin zargi. Mutum biyu su ƙirga baiko kafin kowa ya tashi, su sa hannu a littafi. In ta Bankak, manhajar banki ta waya, ake turowa, kada ya zama wayar fasto ce, kuma wani dattijo ya riƙa ganin saƙon shigar kuɗi tare da kai. Ƙarshen kowane wata ka miƙe ka karanta: ga abin da ya shigo, ga haya, ga na fasto, ga na mabukata, ga abin da ya rage mana. Ka faɗi jimla kawai, ban da sunan wanda ya bayar. Asusun mabukata kuma a raba shi daban, kada a taɓa shi don haya.

Ka tuna wa 'yan'uwanku na Nuba cewa tushenku ɗaya ne. Mishan ɗin SUM (Sudan United Mission) da aka kafa a 1904 shi ya yi aiki a Filato a Nijeriya, shi ya yi a duwatsunsu. COCIN ta yau ma, ekklesiyar da ta fito daga aikin SUM a Filato, da can Ekklesiyar Kristi a Sudan ake ce mata. Da gwamnatin Sudan ta kori 'yan mishan a farkon shekarun 1960, kakannin 'yan Nuba ne suka riƙe aikin da hatsinsu da awakinsu. Ka nemi tsoho ɗaya cikinsu ya ba jama'a wannan labari da bakinsa a Lahadi mai zuwa, sa'an nan kai kuma ka tashi ka faɗa musu a fili cewa wata huɗu ake bin ku, da nawa ne kuɗin hayar.